Ni ne Ma'aji, Ƙanena Kuma Yana Daji

An haife ni a cikin birnin Sakkwato, wajen Ƙofar Rini, a gidan dukawa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, jar fatar akuya yake saye a hannun majema ya ɗinka gafaka da tim-tim da kube, kuma Baƙadire ne tun daga kakanni. Ranar Juma'a yakan riƙe hannuna mu tafi Hubbare, mu tuɓe takalma tun daga waje, ya yi wa Shehu sallama, ya yi addu'arsa, mu fito. A haka na tashi, ban taɓa jin wani ya ce akwai abin tambaya a cikin wannan ba. Ni kaɗai ne a cikin 'ya'yansa na yi nisa a boko. Ƙanena da ke bi na, daga firamare ya ce shi kasuwa ta kira shi, ya bi wani kawunmu mai fataucin albasa.

Na shiga jami'a a 1988, shekarar da aka sauya mata suna daga Jami'ar Sakkwato zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A shekarar ne kuma, ranar 1 ga Nuwamba, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu bayan shekara 50 a kan gado. Aka fara jin sunan Muhammadu Maccido, sai gwamnatin soja ta sanar da Ibrahim Dasuki, gari ya hargitse, har aka rasa rayuka. Musuna na farko a jami'a a kan wannan ne, da wani dogon saurayi mai zanen Gobirawa a kumatu, wanda gadonsa yake saman nawa. Ina cikin kumfar baki a kan haƙƙin gidan sarauta, ya leƙo da kai ya ce, "To kai, ɗan baduku, in anka naɗa wanga ko wancan, mi za a ƙara ma ubanka ga kuɗin hwata?" Yau sama da shekara talatin ke nan, ba mu gama musun da muka fara a daren ba.

Ba zan kira sunan kowa ba. Dama ko a tsakaninmu da garuruwa muke kiran juna, yadda makarantun boko suka saba tun da, abin da ya sa har yau ake cewa Shagari da Wamakko da Tambuwal. Wannan na saman gadona ɗan Sabon Birni ne, muna ce masa Bagobiri, ɗan Izala tun gemunsa bai fito ba. Akwai ɗan Gwadabawa, Batijjane mai sanyin magana, wanda ya karanci Larabci. Akwai ɗan Zuru, Kirista, wanda ya fi mu duka iya karin magana. Akwai ɗan Yabo, wanda tun muna aji biyu yake neman muƙami a ƙungiyar ɗalibai, muka laƙaba masa Onarabul tun bai san ƙofar majalisa ba. Akwai wani Bayarabe haifaffen Sakkwato, abokin wasan Bagobiri, kowannensu yana cewa ɗayan bawansa ne. Sai wata 'yar Argungu da take gaba da mu duka a jarrabawa, wadda yanzu Hajiya kawai muke ce mata.

Zamanin ne Izala take tashe. An kafa ta a Jos a 1978, kuma tafsirin Shaikh Abubakar Gumi yana shiga kowane gida ta Rediyon Kaduna. Bagobiri yana da kaset-kaset cike da kwali. Da ya ji ina zuwa Hubbare sai ya sa ni gaba: "Mi kake nema ga kushewa? Shehu da kainai bai ce a zo a roƙe shi ba." Na ce ba roƙonsa muke yi ba, ziyara ce. Ya ɗauko Ihya'us Sunna na Shehun ya buɗe mini inda yake yaƙi da bidi'o'i. Ni kuma, da yake Tarihi nake karantawa, na ce ya je ya tambayi kowa, jama'ar Shehu Ƙadirawa ake ce musu, kuma Shehu bai taɓa ɓoye ɗarikarsa ba. Abin da ya sa musun addini a Sakkwato ba ya ƙarewa ke nan: kowane ɓangare da Shehu yake kafa hujja, kuma kowanne yana da shafin da zai nuna maka. Ɗan Zuru yakan kwanta yana jin mu, in mun gaji ya ce, "Ku biyu malaminku ɗaya, ni da ba nawa ba ne na fi ku ba shi lafiya."

Mun shiga makaranta muna 'yan jiha ɗaya. Kafin mu fita an yanke Kebbi a 1991, ɗan Zuru da Hajiya suka wayi gari baƙi a inda suke ganin gida ne, a 1996 kuma aka yanke Zamfara. Yajin aikin malamai ya ja mu har 1993, muka ƙare a tsakiyar rikicin zaɓen 12 ga Yuni. Bagobiri Abiola ya zaɓa, yana cewa ai dole ya tsaya wa bawansa. Daga nan kowa ya kama gabansa. Na yi bautar ƙasa a kudu, na dawo na kama koyarwa a makarantar sakandare, na yi aure, Allah ya ba ni 'ya'ya. A wannan tsakanin sai dai mu haɗu a wurin suna ko ɗaurin aure.

Mutuwa ce ta tara mu. A ƙarshen 2006, gari bai gama juyayin hatsarin jirgin da ya ci Sarkin Musulmi Maccido ranar 29 ga Oktoba ba, wani ɗan ajinmu ya rasu a hatsarin mota, ya bar ƙananan yara da mata ba ta aikin komai. A zauren ta'aziyya Hajiya ta aiko a kira mu waje, ta ce, "In kun gama shafa fatiha, wa zai biya kuɗin makarantar yaran nan?" A nan muka yanke za mu riƙa zama Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, bayan la'asar, gida-gida, kowa ya kawo abin da aka yanka masa. Aka ce ni ne ma'aji, wai malamin makaranta ba shi da kuɗin motar guduwa. Na sayi babban littafi mai baƙin bango, a shafin farko ɗan Gwadabawa ya rubuta abu uku da za a taɓa kuɗin dominsu: jinyar ɗan ƙungiya ko iyalinsa, mutuwa, da karatun marayunmu. Kowa ya sa hannu a ƙasa. Mun daɗe muna jayayya a kan ruwan da banki yake ɗorawa, ko riba ce ko ba riba ba, har sai da bankin Jaiz ya zo muka mayar da asusun can. Ɗan Zuru ya ce bai damu ba, muddin ba za a fitar da zakka a kasonsa ba.

Abu na farko a kowane zama shi muke kira labarin gida. A zagaya, kowa ya faɗi abin da ya same shi tun zaman da ya wuce. Ina rubuta wasu a gefen lissafi, kuma in na buɗe littafin yanzu rayuwarmu nake gani a jere. Shekarun farko haihuwa ce da ƙarin girma da sayen fili a Mabera ko Arkilla. Can sai kujerar Makka, sai ƙarin aure, wanda ba a taɓa sanar da shi ba Hajiya ba ta yi tsaki ba. Akwai ambaliyar 2010 da ta cinye hanyar shiga jami'armu, ta cinye gonar shinkafar mutum biyu a cikinmu. Sai 'ya'ya suka fara jarrabawar shiga jami'a, sai aurar da 'yan mata. Yanzu kuwa rabin labarin gida na asibiti ne. Da can mai masauki lemon kwalba yake jerawa, yau shayi ba sukari ne da ƙwaɗon zogale, kuma akwai wanda yake zuwa da na'urar awon hawan jini a aljihun babbar riga, a bi layi ana miƙa hannu ana yi wa juna dariya.

In magariba ta yi, mai gida ne liman, ko wane ne shi. Haka muka warware wannan tun farko. A sahu ɗaya za ka ga mai ƙabalu da mai sadalu kafaɗa da kafaɗa. In an sallame, mu mu ɗaga hannu a yi addu'a tare, Bagobiri da mutanensa su ja baya su yi tasbihinsu. Ɗan Zuru yana can bakin tabarma yana gadin butar shayi. In zaman ya faɗo gidansa, shi yake shimfiɗa mana tabarmin salla, ya kuma san inda gabas take.

Bayan salla ake buɗe fagen da ya fi tara mutane. Maganar Shari'a ba ta taɓa tsufa a wurinmu ba. Bagobiri yana cikin waɗanda suka hau bayan babbar mota zuwa Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar, kuma ni ma na yi murna a lokacin. Hajiya takan bari ya gama ba da labarin kabbarar da aka yi, sannan ta ce, "An yanke hannun mutumin Jangebe a kan saniya. Nuna mini hannu ɗaya da aka yanke a kan kuɗin asibiti." Onarabul kuwa shi ne kalandar siyasar jihar nan. Ya yi APP da ANPP zamanin Bafarawa, ya bi Wamakko zuwa PDP a 2007, ya bi shi zuwa APC, da Tambuwal ya koma PDP a 2018 ya kwana biyu yana lissafi kafin ya san inda zai faɗa. In an tsokane shi ya ce shi bai taɓa sauya sheƙa ba, jam'iyyun ne suke sauyawa a ƙarƙashinsa. Zaɓen gwamna na 2019, wanda aka raba da ƙuri'a 342 bayan zagaye na biyu, ya kusa raba mu. Mutum biyu suka yi wata da watanni ba sa gaisawa, amma ko wata ɗaya kuɗinsu bai yi latti ba.

Na kawo duk wannan ne don a san irin mutanen da na tsaya a gabansu a ƙarshen 2021.

Wanda yake Sakkwato a lokacin ya san halin da gabashin jihar yake ciki. A watan Satumba an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, an hana sayar da fetur a jarka, an rufe wasu kasuwannin mako. A Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe mutane da dama. Ƙanena yana da manoman fadama da yake ba kuɗin iri da taki kafin noman rani, in albasa ta yi su biya shi da kaya. Na ce kada ya je. Ya ce in bai kai ba bana, wani zai kai, shi kuma ya rasa mutanen da ya yi shekaru yana tarawa. A hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni aka tare motarsu, aka shiga daji da su. Da kiran ya zo, da lambar Nijar ya zo, don layin can ne kaɗai yake kamawa a wajen. Na ji muryar ƙanena yana cewa, "Yaya, ka yi haƙuri," sai aka fizge wayar. Kuɗin da suka fara ambata, ko gidanmu na gado muka sayar ba zai kai ba. Aka yi ta ja, suna zagi ina ba da haƙuri, har aka sauko inda in mun sayar da motarsa da filina za mu kai wajen rabi.

Sauran rabin yana nan a asusun ƙungiya, kusan daidai. Ni nake riƙe da littafin, na san adadin har kwabo. Sa hannu biyu ake buƙata, nawa da na ɗan Gwadabawa, kuma na san in na je masa da dare ina kuka zai sa. Ban je ba. Na kira zaman gaggawa a gidana, na ajiye littafin a tsakiyar tabarma, na faɗi abin da ake ciki, na ce ina roƙon a ba ni rance, ni kuma ba zan yi ƙuri'a ba.

Ɗan Gwadabawa ya fara. Ya kawo hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a kwance wanda aka kama, a ciyar da mayunwaci, a gaida marar lafiya. Ya ce a littattafan Malikiyya fansar kamamme wajibi ce: a fara da baitulmali, in babu a koma dukiyar Musulmi, sannan dukiyar shi wanda aka kama. "Baitulmali dai kun san inda yake," in ji shi. "Saura mu."

Bagobiri bai ɗaga kai ba da ya fara magana. Ya ce, "Malam, ƙanenka ƙanena ne, ka sani. Amma ni daga can nike. Ƙauyenmu sai an biya su kahin a yi shuka, sai an biya su kahin a yi girbi. Kuɗin da munka biya bara, da su anka sayi harsashin da anka kashe ɗan yayata bana. Duk naira da kunka kai, gidanmu za ta dawo." Ya ce malaman da suka yi waccan magana suna zancen kamammen yaƙi ne, ba wanda aka mayar da kama shi sana'a ba, kuma mai saye shi yake raya kasuwa. Sannan ya jawo littafin ya buɗe shafin farko, ya ɗora yatsa a kan abu na uku. Ya ce a cikin kuɗin nan akwai na zangon karatu mai zuwa na marayu, amana ce, kuma rancen da malamin makaranta zai biya daga albashi ba a san ranar gama shi ba.

Da ƙarya ya faɗa, da abin ya zo mini da sauƙi. Ina zaune ina jin kamar in shaƙe shi, kuma babu kalma ɗaya a maganarsa da zan iya cewa ba haka ba ne.

Daga nan zaman ya koma abin da ya saba. Wani ya ce ƙaddara ce, a dage da addu'a da alƙunutu. Ɗan Zuru, wanda ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, ya ce a daina ɗora wa Allah aikin da aka zaɓi mutane su yi. Ya tuna mana 'yan makarantar Birnin Yauri da aka kwashe a watan Yuni na shekarar, wasunsu har lokacin suna daji. Ya juya ga Bagobiri: "Tun 2003 kake bin Buhari, ka ce in ya hau za mu yi barci da ƙofa buɗe. Ga shi ya hau." Bagobiri ya ce ya zaɓa da kyakkyawar niyya, kuma gwamnan jihar ai ba na jam'iyyarsa ba ne. Onarabul ya ce a ba shi kwana biyu zai yi magana da manya. Kowa ya san inda wannan take ƙarewa, ba wanda ya tanka masa. Ni dai ina kallon wayata a kan tabarma, ina jiran lambar Nijar.

Aka ɗaga hannu. Waɗanda suka ce kada a taɓa asusun suka fi yawa, da ɗan tazara.

Hajiya ce ta tashi, ta cire gyalen da ta yafa a kan hijabinta ta shimfiɗa a ƙasa. Ta ce, "An rufe asusu. Ban ji an rufe aljihu ba." Ta faɗi abin da za ta kawo gobe da safe, ta ce in rubuta. Na juya littafin ta baya na fara sabon shafi. Bayarabe ya ce zai karɓo kuɗin kayan shagonsa. Ɗan Zuru ya ba da abin da ya tara na rufin gidan da yake ginawa a garinsu. Onarabul, don a faɗi gaskiya, ya fi kowa bayarwa. Har waɗanda suka ƙi a taɓa asusu suka sa nasu. Bagobiri kaɗai ne bai sa ko sisi ba, ya kuma faɗa a fili cewa ba zai sa ba.

Da kowa ya watse ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaure igiyar takalmi. Ya ce, "Wa zai kai?" Na ce ni. Ya ce, "Kai da ba ka taɓa wuce Acida ba? In ka tahi, mutum biyu za mu nema. Ni za ni kai." Na ce ai yanzu ka gama cewa haramun ne. Ya ce, "Ban ce haramun ba, na ce kuskure ne, kuma har gobe kuskure ne. Amma tunda kun riga kun yi, ba ni bari a kashe ka a kan hanyar garinmu."

Shi ya kai. An zuba kuɗin a buhun taki aka ɗaure a bayan babur, da katin waya da sauran tarkacen da suka ƙara a ƙarshe, wani yaron ƙauyensu ya tuƙa shi. Bai taɓa ba ni cikakken labarin abin da ya gani ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne sun zaunar da shi a rana suna ƙirga kuɗin, suna ɓata lissafi suna sakewa, kuma mafi yawansu ba su kai ɗaliban da nake koyarwa a aji uku ba. Ya dawo mini da ƙanena ƙafafu a kumbure, da shaidar sarƙa a idon sawu, ya rame har sai da uwarmu ta dube shi sau biyu. Alhamdu lillahi. Akwai waɗanda aka kama su tare da ba su dawo ba.

Sai da ya yi makonni kafin ya fara magana. Wata rana da dare muna zaune ya ce mini akwai wani yaro cikin masu gadinsu da yake kallonsa in yana salla da taimama a zaune. Ran nan yaron ya matso, bindiga a kafaɗa, ya ce ya koya masa abin da ake karantawa a farko. Fatiha yake nufi. Ƙanena ya riƙa biya masa aya-aya, yaron yana maimaitawa yana tuntuɓe, in manyan sun taho ya tashi ya daka masa tsawa.

Na kai wannan labarin zaman da ya biyo baya, a labarin gida. Nan take aka raba shi biyu. Bagobiri ya ce ga irin abin da suke faɗa, an bar mutane da laya da tsubbu ba a koya musu addini ba. Ɗan Gwadabawa ya ce to ku da kuka cika birni da masallatai da lasifika, wa ya hana ku shiga ruga? A ranar ban goyi bayan kowa ba, har da ɓangarena. Na ce Shehun da muke ta ja a kansa ya yi wajen shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, a cikin irin mutanen nan, da Hausa da Fulatanci. 'Yarsa Nana Asma'u ta naɗa jajis tana tura su ƙauyuka su karantar da mata. Muhammadu Bello ya yi ta ƙoƙarin zaunar da makiyaya a garuruwan ribaɗi don su samu karatu. Gwamnati ma ta kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, muna aji ɗaya a jami'a. Mu kuma da muka yi digiri a jami'ar da take ɗauke da sunan Shehu, mun ƙare ƙuruciyarmu a kan ƙabalu da sadalu, yaro ya girma a jiharmu ya iya harba bindiga bai iya Fatiha ba. Wannan ba ya wanke shi daga sarƙar da ya ɗaura wa ƙanena, ban kuma yafe ba tukuna. Amma ni malamin makaranta ne, na san ajin da ba a shiga ba.

A watan Afrilu 2022 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran dokar da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. Onarabul ya karanto mana, ya ce to ga shafin bayan littafin Malam nan, sunayenmu a jere da adadin kowa, mai gabatar da ƙara ba sai ya wahala ba. Hajiya ta ce Bagobiri za a fara kamawa, tunda shi ya kai. Ya ce shi ɗan aike ne.

Zaɓen 2023 ya sake gwada mu. Maganar tikitin Musulmi da Musulmi ta sa an faɗi kalmomin da ba a saba faɗa a gaban ɗan Zuru ba, ya ɗauke ƙafa, sai dai ya turo kuɗinsa. Rasuwar matar Bayarabe ce ta dawo da shi, a wurin ta'aziyya aka ja shi gefe aka ba shi haƙuri, ya ce ya ji, amma bai manta wanda ya faɗi me ba. Abu ɗaya da na ga mun haɗu a kansa baki ɗaya shi ne bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, da aka rufe iyakar Illela ana zancen yaƙi. Babu wanda ba shi da dangi ko abokin ciniki a Ƙonni, aka rasa wanda zai ɗauki ɗaya ɓangaren, zaman ya tashi da wuri.

Ƙanena yana nan, yana sayar da albasa a cikin gari, wasu suke shiga ƙauye su kawo masa. Ba ya son a rufe ƙofa in yana ɗaki. Na gama biyan waɗanda suka ce nasu rance ne, waɗanda suka ce kyauta ce sun hana ni ko tayar da maganar. Marayunmu ba su rasa zango ko ɗaya ba, babbar cikinsu ta gama karatun jinya. Tun daga lokacin irin wannan ta sake faɗa wa wasu a cikinmu, kuma kowane karo gyalen Hajiya ake shimfiɗawa, asusu yana rufe. Ɗan Gwadabawa ya kawo shawarar a ƙara abu na huɗu a shafin farko, a daina wahalar da mutane da neman kuɗi cikin dare. Bagobiri ya ce ranar da aka rubuta shi, a cire sunansa daga littafin. An ɗage maganar ya fi a ƙirga, kuma tana cikin abin da za a tattauna Asabar ɗin ƙarshen watan nan, a gidan Bagobirin, a Gidan Igwai.